Ɗan shekara huɗu da takardar kora: ta ina launin fata ke shiga hukuncin malamai a Amurka?

Malama Rakiya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so mu ɗan zauna kan maganar korar ƙananan yara daga makarantun nazare a Amurka, don mutane da yawa idan suka ji sai su ɗauka ƙari ake yi. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu, wanda ko igiyar takalminsa bai iya ɗaurewa ba, a kira uwarsa daga wurin aiki a ce ta zo ta ɗauke shi, kada ya dawo. Walter Gilliam, wanda a lokacin yake jami'ar Yale, shi ne ya fara ƙirga abin a faɗin ƙasar a 2005, daga ajujuwa kusan 4,000 a jihohi 40. Ya tarar ana korar kusan yara bakwai cikin kowane 1,000, wato fiye da ninki uku na abin da ake kora a firamare da sakandare. Maza sun ninka mata sau huɗu da rabi, baƙaƙen fata kuma sun kusan ninka farare sau biyu.

A 2014 ma'aikatar ilimi ta ƙasar ta fitar da nata alƙaluman. Yara baƙaƙen fata su ne kashi 18 cikin 100 na 'yan nazare ta gwamnati, amma su ne kashi 48 na waɗanda aka dakatar fiye da sau ɗaya. Tambayata ita ce: yawancin malaman nan mata ne masu son yara, albashinsu ma bai taka kara ya karya ba, kuma idan ka tambaye su za su rantse ba sa bambanta kowa. To ta wace ƙofa bambancin yake shigowa?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam Malama. Alƙaluman nan ban musa su ba, amma tazara kawai suke nunawa, ba su faɗi dalili ba. Ruwa ba ya tsami banza. Talauci ya fi yawa a gidajen baƙaƙen fata a Amurka, unguwanninsu sun fi fama da gubar dalma a tsofaffin gidaje da rashin asibiti da sauyin gidan haya, kuma duk waɗannan suna taɓa natsuwar yaro. Idan yaran sun fi zuwa aji da damuwa, dole a fi hukunta su ko da malama adila ce. Akwai binciken John Paul Wright da abokan aikinsa na 2014 da ya ce idan ka yi la'akari da halin da yaro ya nuna tun baya, tazarar dakatarwa tana ɓacewa. Kada mu yi saurin ɗora wa malamai jakar tsaba.

Dakta Nasiru: Malam Habibu, tambayarka tana kan hanya, kuma ita ce ta sa Gilliam ya sake wani gwaji a 2016. Bari in faɗi yadda aka yi shi dalla-dalla, don a cikin tsarin ne amsar take. An samu malaman nazare 135 a wani babban taronsu. Aka zaunar da kowa gaban kwamfuta mai na'urar bin ƙwayar ido, aka nuna masa gajerun bidiyo 12, kowane daƙiƙa 30. Yara huɗu ne a ciki suna wasa a teburi ɗaya: namiji baƙi, mace baƙa, namiji fari, mace fara. Aka ce wa malami, danna maɓalli duk lokacin da ka hango alamar za a yi rashin ji. Sirrin shi ne babu rashin ji ko ɗaya a bidiyon. Abin da ake aunawa shi ne inda ido yake zuwa idan an ce masa ya nemo fitina. Idanun suka fi daɗewa kan yara baƙaƙe, musamman namijin. Da aka tambaye su baki da baki wane yaro ya fi cin hankalinsu, kashi 42 suka ce namiji baƙi, 34 namiji fari, 13 mace fara, 10 mace baƙa.

Ga abin da wannan ke haifarwa a aji. A ce yara huɗu ne, kowannensu yana fizge abin wasa daga hannun ɗan'uwansa sau biyu a yini, domin haka 'yan shekara huɗu suke. Malama tana da ido biyu ne kacal da yara 18. Wanda ta fi kallo za ta kama duka biyun nasa, sauran ta ga ɗaya ko ba ta gani ba sam. Ƙarshen wata littafinta ya nuna yaro ɗaya da laifi 40, wani da 12, kuma ba ƙarya ta rubuta ba, duk ta gani da idonta. Wannan littafin ne kuma mai bincike zai ɗauka gobe ya kira shi "halin da yaro ya nuna tun baya". Ka ga ma'aunin da kansa ya riga ya karkata. Francis Huang ya sake bin alƙaluman Wright a 2020, ya nuna tazarar ba ta ɓacewa idan aka gyara yadda aka zaɓi yaran da yadda aka auna halin.

Malam Habibu: Dakta, na yarda da wannan misali. Amma ka faɗi ragowar. Malamai 135 a taro ɗaya ba su wakiltar ƙasa, kallo kuma ba hukunci ba ne.

Dakta Nasiru: Gaskiya ne, kuma a kashi na biyu na gwajin, inda aka ba su labarin yaro mai rashin ji a rubuce da sunaye daban-daban, DeShawn ko Jake, Latoya ko Emily, launin yaron shi kaɗai bai sauya shawarar kora ba. Abin da ya fito ya fi haka sarƙaƙiya. Malamai farare sun ɗauki rashin jin yaro baƙi da sauƙi, kamar abin da dama suke tsammani. Malamai baƙaƙe suka fi tsananta masa. Sai aka ƙara wa wasu bayanin gidan yaron: uwa ita kaɗai tana aiki dare da rana, ga rigima a gida. Idan malama da yaro launinsu ɗaya, bayanin yana sa ta sassauta. Idan launinsu daban, bayanin yana sa ta ga lamarin ya fi muni, kamar ba shi da magani. Wannan ya dame ni matuƙa, don shawarar da kowa ke ba malamai ita ce su san gidan yaro, alhali sanin ba tare da taimako ba yana iya zama fitar da rai.

Hajiya Binta: Sannunku da ƙoƙari, 'ya'yana. Habibu, in ɓera da sata, daddawa ma da wari, ba wanda ya ce talauci ba ya taka rawa. Amma an auna kason kowanne. Jayanti Owens da Sara McLanahan sun bi yara daga shekara biyar zuwa tara, suka fitar da sakamako a 2020: bambancin halin yaran ya ɗauki kashi 9 ne kawai na tazarar, irin makarantar da yaro ya faɗa kashi 21, sai bambancin yadda ake bi da yaran da suka shigo da hali iri ɗaya kashi 46. A Texas kuwa, a wani bincike da aka wallafa a 2011, an bi ɗalibai kusan miliyan ɗaya. Kashi 3 kacal na hukunce-hukuncen ne dokar jiha ta tilasta, saura duk ganin damar makaranta ne. Bayan an daidaita abubuwa 83, har da talauci da maki, ɗalibi baƙi ya fi fari yiwuwar shan hukuncin ganin dama da kashi 31.

Ku riƙe kalmar nan, ganin dama, domin nan ne ƙofar da Rakiya take tambaya. Russell Skiba ya duba takardun tura yara ofishin shugaban makaranta a ƙananan sakandare 19, ya wallafa a 2002. Farare an fi tura su kan shan taba, ɓarnata kaya, fita ba izini, zagi. Duk abubuwa ne da kowa zai gani ya shaida: ga guntun taba, ga tagar da ta fashe. Baƙaƙe an fi tura su kan raini, hayaniya, barazana, gararamba. Wa ke yanke cewa kallon nan raini ne? Murya ta kai ina kafin ta zama hayaniya? Zuciyar malami ce alƙali, ita ce kuma shaida.

Maman Ilham: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wannan magana ta raini ta shafi mutanenmu da ke can kai tsaye, irin Hausawan Gana da ke Bronx a New York da 'yan Nijar da Najeriya da ke wasu jihohin. A gida an koya wa yaro idan babba yana masa faɗa ya sunkuyar da kai, ya yi shiru, kada ya haɗa ido. A ajin Amurka malama cewa take ka dube ni idan ina maka magana. Yaro yana ƙara sunkuyawa don ladabi, ita tana ƙara fusata don tana ganin taurin kai. Takarda ta tafi ofis da kalmar ƙin bin umarni. Kuma makaranta ba ta da gurbin Bahaushe ko Bazabarme a rajistarta, duk baƙar fata ne.

Hajiya Binta: Haka yake, 'yata. Abin da ya fi ban tsoro kuma shi ne laifi na biyu. Jason Okonofua da Jennifer Eberhardt, a lokacin dukansu suna jami'ar Stanford, sun gwada malamai a 2015 da takardar ɗalibi mai ƙananan laifuka biyu, sunan kawai suke sauyawa, Darnell ko Deshawn a wani wuri, Greg ko Jake a wani. A laifin farko babu wani bambanci. A na biyu, mai sunan baƙaƙe sai aka fi jin haushinsa, aka fi son a tsananta masa, aka fi kiransa fitinanne. Na fari ana ganin laifi biyu daban-daban, yau ya yi barci a aji, jibi ya tashi yana yawo. Na baƙi ana ganin hali ne. Da zarar suna ya manne wa yaro a ɗakin malamai, malamar aji na gaba ta gaje shi tun kafin ta ga fuskarsa.

Malama Zainabu: Salamu alaikum. Ina so in ƙara wani ɓangare, wato ƙara wa yaro shekaru a ido. Phillip Goff da abokansa sun nuna a 2014 cewa daga shekara goma, ana yi wa yara maza baƙaƙe kallon sun girmi shekarunsu, har ƙarin ya kai shekara huɗu da rabi idan an ce ana zarginsu da babban laifi. Ɗan shekara 13 ya zama kusan baligi ke nan. A 2017 wata cibiya a makarantar lauyoyi ta jami'ar Georgetown ta tambayi manya 325, ta tarar tun daga shekara biyar ana ganin 'yan mata baƙaƙe ba su kai farare buƙatar rarrashi da kariya ba. Kuka iri ɗaya, wata a ɗauke ta a goya, wata a ce ta san abin da take yi. Kada a mance da matan: a alƙaluman shekarar karatu ta 2013 zuwa 2014, 'yan mata baƙaƙe su ne kashi 20 na matan nazare, amma kashi 54 na matan da aka dakatar.

A Ingila ma akwai irinsa, sai dai fasalinsa daban. Rahoton Edward Timpson na 2019 ya nuna yara baƙaƙe 'yan asalin Karibiyan sun fi fararen Birtaniya yiwuwar kora ta dindindin sau 1.7 bayan an daidaita talauci da sauran abubuwa, alhali 'yan asalin Afirka ba su da wannan tazarar. Wannan yana nuna ba fata ce kaɗai ba, akwai tarihin da aka jingina wa kowace al'umma.

Malam Habibu: To na sauko daga matsayina na farko, musamman saboda alƙaluman da Hajiya ta kawo. Amma ga inda ba zan sauko ba. Maganin da makarantu suka fi rugawa gare shi shi ne bita ta yini ɗaya: a tara malamai, a sa su yi gwajin kwamfutar nan da Anthony Greenwald da abokansa suka fitar a 1998, mai auna saurin haɗa fuska baƙa ko fara da kalma mai daɗi ko marar daɗi, a ce musu kuna da ɓoyayyen son zuciya, a raba shayi a watse. Gwajin nan idan mutum ɗaya ya maimaita shi bayan mako biyu, sakamakon yakan sauya sosai, don haka bai isa a yi wa mutum ɗaya hukunci da shi ba. Calvin Lai ya gwada dabaru tara na rage wannan karkata a 2016, dukkansu tasirinsu ya gushe cikin sa'o'i zuwa 'yan kwanaki. Patrick Forscher ya tattara bincike 492 a 2019, ya ga ko an sauya makin gwajin, ba lallai aikin mutum ya sauya ba.

Dakta Nasiru: A nan bakinmu ɗaya, Malam. Gwajin yana da amfani ne idan an tara dubban mutane: Travis Riddle da Stacey Sinclair sun nuna a 2019 cewa gundumomin da makin karkatar jama'arsu ya fi yawa su ne tazarar hukunci ta fi faɗi a makarantunsu. Amma bita ba ta wanke zuciya. Laifi tudu ne, malami zai fito daga bita yana hango na maƙwabcinsa. Abin da ke aiki shi ne a rage filin da ganin dama yake kiwo.

Misali mafi tsafta na David Quinn ne a 2020. Malamai fiye da 1,500 aka ba rubutun ɗan aji biyu guda ɗaya, a wani kwafin yaron ya ambaci ɗan'uwansa Dashawn, a wani Connor. Da aka ce su faɗi ko rubutun ya kai matakin ajinsa, sai mai Connor ya fi samun yabo. Da aka ba su ma'auni a rubuce, mai cewa ga abin da ake nema ɗaya bayan ɗaya, bambancin ya ɓace. Malaman su ne dai, zukatansu ba su sauya cikin minti biyar ba, tambayar ce ta sauya.

Haka za a yi wa takardar rahoton laifi. A cire gurbin da ke cewa raini ko taurin kai ko tsageranci. A sa gurabe huɗu da dole a cike: me ya faru daf da abin, me yaro ya yi da hannunsa ko bakinsa, minti nawa ya ɗauka, me malama ta gwada kafin ta rubuta. "Ya yi tsageranci" ba ya shiga. "Da aka ce a tattara kayan wasa ƙarfe 11:20, ya jefar da bulo biyu ƙasa, ya kwanta yana kuka minti huɗu, na ba shi zaɓi biyu ya ƙi" shi ke shiga. Bayan mako biyu za ka ga kusan duk rahotannin yaron suna faɗawa ƙarfe 11 da wani abu, daf da abincin rana, lokacin sauya aiki. Sai maganar ta tashi daga halin yaro ta koma yunwa da rashin gargaɗi kafin a katse masa wasa, kuma wannan yana da magani: a sanar da shi saura minti biyar, a ba shi aikin riƙe kwandon kayan.

Malama Rakiya: Dakta, to a lokacin da abin yake faruwa fa, malama tana tsaye jini ya hau, babu lokacin cike takarda?

Hajiya Binta: Bari in amsa miki. Kent McIntosh na jami'ar Oregon yana koyar da cewa karkata ta fi kama mutum a wasu gaɓoɓi sanannu: ya gaji, yana jin yunwa, yana gaggawa, laifin kuma ba bayyananne ba ne. Don haka ana shirya wa malama abin da za ta yi tun kafin gaɓar ta zo, gajere, wanda ba ya buƙatar tunani. Idan laifin ba na cutar da wani ba ne, ba ta yanke hukunci nan take. Ta ce wa yaro zan dawo gare ka, ta ja numfashi, ta ba sauran aikinsu, sannan ta tambayi kanta: da wance ce ta yi wannan, me zan yi mata? Ta ambaci sunan yarinyar da ta fi so a ajin. Idan amsar ita ce zan durƙusa in tambaye ta me ya same ta, to shi ma haka.

Na biyu, ƙirga. Abokiyar aiki ta zauna bayan aji minti 20, sau uku a mako daban-daban, da jerin sunayen yara, tana sa alama duk lokacin da aka yaba wa yaro da duk lokacin da aka tsawata masa. Abin da ake so yabo ya ninka tsawa wajen sau biyar. Kuskuren da ake yi shi ne a haɗa lissafin ajin gaba ɗaya, sai ya fito da kyau, alhali yaro ɗaya ya sha tsawa tara bai ji yabo ko ɗaya ba. A raba shi yaro-yaro. Kuma takardar ta malamar ce, kada ta shiga fayil ɗin ƙarin girma, in ba haka ba ranar ƙirga kowa zai zama waliyyi.

Malam Habibu: Tun da an zo ƙirga, bari in nuna yadda makaranta za ta auna kanta, don ana tafka kuskure a nan. A ƙirga kawunan yara, ba yawan takardu ba, saboda yaro ɗaya mai takarda 30 zai ɓata lissafi. A ce akwai baƙaƙe 60 da farare 100. An tura baƙaƙe 18 ofis aƙalla sau ɗaya, kashi 30 ke nan. Farare 12, kashi 12. Raba 30 da 12, ka samu 2.5. Shekara ta zagayo, an yi gyara, baƙaƙe 9 aka tura, kashi 15, farare 4, kashi 4. Yanzu ninkin ya hau 3.75, sai a ce abu ya lalace, alhali tazarar ta sauko daga maki 18 zuwa 11, kuma yara baƙaƙe tara sun tsira. Dole a duba ninki da tazara da adadin kwanakin karatu da aka rasa, su uku tare. A raba su kuma gida-gida: laifin gani da ido da laifin fassara, aji da filin wasa, safe da rana. Idan rukuni bai kai yara goma ba, a haɗa shekara biyu ko uku kafin a ce komai.

Malama Zainabu: Akwai kuma korar da ba ta shiga littafi. A riƙa kiran uwa kullum ƙarfe goma ta zo ta ɗauki ɗanta, ko a ce a rage masa zuwa rabin yini, ko a ce mata wurin nan bai dace da shi ba, har ta gaji ta cire shi da kanta. Inda aka hana kora da doka, wannan ce ke ƙaruwa idan ba a kawo wa malama taimako ba. Shirin Head Start na tarayya, mai kula da karatun 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi kafin shiga firamare, ya haramta kora a ƙa'idojinsa na 2016, jihar Illinois ta yi doka da ta fara aiki a 2018, Kalifoniya ta hana dakatarwa kan ƙin bin umarni a ƙananan ajujuwa tun 2015, daga baya ta faɗaɗa. Amma a Philadelphia, da aka hana dakatarwa kan ƙananan laifuka a 2012, makarantu ƙalilan ne suka bi dokar gaba ɗaya. Ana iya sauya wa laifi suna kawai, raini ya koma barazana.

Dakta Nasiru: Shi ya sa doka ba ta tafiya ita kaɗai. Tun binciken 2005 an ga malaman da ke da masanin halayyar yara da yake zuwa ajinsu a kai a kai suna kora kusan rabin abin da marasa shi suke yi. Kora tana ƙaruwa kuma idan yara sun yi wa malama yawa, idan yini ya yi tsawo, idan ita kanta tana cikin matsi. Sai dai a faɗi gaskiya: da aka yi wa shirin irin waɗannan masanan na jihar Connecticut gwajin ƙuri'a, wato aka zaɓi ajujuwan da za su samu shirin ta hanyar ƙuri'a aka kwatanta su da saura, malamai sun ce rigimar yaran ta ragu, amma ba a ga sauyi a yiwuwar kora ba.

Wanda ya ba da mamaki shi ne na Okonofua a 2016. Malaman lissafi 31 a ƙananan sakandare biyar a Kalifoniya, ɗalibai 1,682. Zama biyu a intanet, ɗaya minti 45, ɗaya 25. Ba a ce musu kuna da wariya ba. An ba su labaran ɗalibai kan abin da ke sa su rashin ji, aka roƙe su su rubuta wa sababbin malamai yadda suke riƙe zumunci da yaro ko yana cikin laifi. Dakatarwa a ɗaliban malaman da suka yi wannan zaman ta tsaya a kashi 4.8, a na sauran malaman kuwa kashi 9.6. A ganina abin da ya sa ya ci shi ne an ɗauki malami a matsayin gwani da ake neman shawararsa, ba wanda ake tuhuma ba.

Malam Habibu: Zaman sulhu fa, inda ake zaunar da mai laifi da wanda aka yi wa su yi magana? A Pittsburgh cibiyar bincike ta RAND ta gwada a makarantu 44, rabi da shirin rabi babu, ta fitar da rahoto a 2018. Kwanakin dakatarwa sun ragu, tazarar launi ta ɗan ragu, amma makin 'yan aji shida zuwa takwas ya ja baya. Sauran yara 25 da ke ajin su ma suna da haƙƙin karatu cikin natsuwa, kuma yawancinsu a irin waɗannan makarantu baƙaƙe ne su ma.

Hajiya Binta: Haƙƙinsu ne, Habibu, kuma ba wanda ya ce a bar yaron da ya fasa wa ɗan'uwansa kai ya ci gaba da zama kamar ba a yi komai ba. Maganarmu kan kashi mafi yawa ne, inda ba jini ba makami, sai fassarar malami. Ɗan shekara huɗu da aka kora bai koyi komai ba illa cewa makaranta ba ta son sa, uwarsa kuma ta rasa aikin yini ko aikin gaba ɗaya.

Maman Ilham: To ga uwa ko uba da aka kira yau, me za su yi? A faɗa mana a aikace.

Malam Abdulƙadir: Maman Ilham, ga abin da doka ta tanada a makarantar gwamnati. Tun hukuncin kotun ƙoli na 1975 a shari'ar Goss da Lopez, ko dakatarwar kwana goma ko ƙasa da haka ce, dole a faɗa wa ɗalibi abin da ake zarginsa, a ba shi dama ya faɗi nasa. Idan aka kira a waya aka ce a zo a ɗauki yaro, tambayar farko ita ce: dakatarwa ce? Idan eh, a ba ni a rubuce, da sashen ƙa'idar makaranta da ya karya da adadin kwanaki. Idan a'a, to me ya hana shi ƙarasa yininsa? Kowane kira a rubuta rana da lokaci da sunan mai kiran a littafi ɗaya. A nemi ainihin abin da yaro ya yi, ba siffarsa ba, a kuma tambayi wane hukunci ƙa'ida ta tanada wa duk wanda ya yi irinsa. Ba za su faɗi sunan wani yaro ba, amma ƙa'idar a rubuce take.

Wanda Turancinsa bai nuna ba yana da haƙƙin tafinta kyauta, kuma kada ya yarda a sa ɗansa ya yi masa fassara, ko ya sa hannu kan takardar da bai fahimta ba. Idan yaro yana da jinkirin magana ko wata lalura, a nemi a auna shi, a rubuce. Mai shirin ilimi na musamman idan cirewarsa ta wuce kwanakin karatu goma har ta zama kamar an sauya masa wurin karatu, dole a zauna a duba ko lalurar ce ta jawo halin. Idan ana ganin bambancin launi ne, ana kai ƙara ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar ilimi cikin kwana 180, a ƙarƙashin sashe na shida na dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964.

Sai dai a san iska ta sauya. Jagorar da gwamnatin Obama ta fitar a Janairun 2014, mai cewa tazara a alƙaluma tana iya jawo bincike ko ba a nuna niyya ba, an soke ta a Disambar 2018, kuma a Afrilun 2025 Trump ya sa hannu kan umarnin da ke adawa da wannan hanyar. Bambanta yara biyu da suka yi abu ɗaya saboda launi har yanzu haramun ne a doka, amma nauyin kawo hujja ya ƙara komawa kan iyaye, shi ya sa littafin nan na rana da lokaci yake da muhimmanci. Gidajen reno masu zaman kansu kuma hukuncin Goss bai hau kansu ba, sai a duba yarjejeniyar da aka sa wa hannu da dokar jihar, musamman idan suna karɓar kuɗin gwamnati.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, Malam. Batun haɗa ido kuma, ina ganin tun makon farko ya kamata uwa ta je ta gaya wa malama cewa a gidanmu sunkuyar da kai girmamawa ce, ta roƙi a rubuta shi a takardar yaron, kafin a kai ga laifi na biyun da Hajiya ta faɗa.

Hajiya Binta: Ta je da yaron a hannunta, 'yata, ta kuma faɗi abu biyu da ya iya da abu ɗaya da yake kwantar masa da hankali idan ya rikice, ko riƙe masa hannu ne ko ba shi ruwa. Bayan mako uku ta koma ta tambayi malama wane abu mai kyau ta ga ya yi a satin.